Tattara a Gaba

A tashar motar Sligo, Nuala na jiran bas sai ta ga wani dattijo cikin kilt, siket ɗin maza na biki, yana ta ja yana gyarawa.

"Bawan Allah, wa ya shirya ka?"

"Ni na shirya kaina. Lafiya?"

"Ai da gani. Tattarar siket a baya take zama, kai ka kawo ta gaba."

"Shi ya sa tun safe ake min murmushi! Ni kuwa na ɗauka kyau na yi."

"Kuma wannan zanen gundumar Donegal ne, ga bakinka na mutanen Kerry. Naku ya ƙare a kasuwa ne?"

"Matata ce 'yar Donegal. Ita ta saya, wai in har zan nuna wa duniya ƙafafun nan nawa, to in nuna su da kalar garinsu."

"Kuma ta bari ka fito haka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Bara ta rasu. Ita ke ɗaura min, ni dai ɗaga hannu ne nawa. Yau auren 'yarmu, na ce dole a ga Donegal a coci."

Nuala ta ajiye jakarta.

"Allah ya ji ƙanta. Sassauta bel ɗin nan. Ɗaga hannu. Tsaya cak mana, sai mutsu-mutsu kamar ɗan yaye!"

Ya ɗaga hannuwa yana dariya, idanunsa cike da ƙwalla.

"Ci gaba da faɗan, baiwar Allah. Na yi kewarsa."