Haƙorin da Ya Kwanta Cikin Muƙamuƙina

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta tabbata gare ku. Ni ce Saratu, matar marigayi Bitrus kafinta.

Shekarar da aka samu 'yancin kai muna Kebbe, inda aikin rufin makaranta ya kai maigidana. A nan kuncina na hagu ya fara tasowa. Babu zafi, babu zazzaɓi, sai kumburi mai tauri da ke girma a hankali, har turamen haƙorana suka fara girgiɗi, leɓena ya mutu kamar ba nawa ba. Ni da bakina ba ya hutawa na koma rufe fuska da mayafi. Ko waƙar da nake ba 'yan'uwa ran Lahadi a zaurenmu na daina. Abin ya ci mini rai.

Maƙwabciyata Inna Hajo, Allah ya saka mata, ta ce mugun ruwa ne ya taru, sakiya kawai yake so. Ta kira wanzami, ya sa ƙarfe a wuta. Ina kallon ƙarfen yana ja, na ce a zuciyata, Yesu, ga baiwarka, ka riƙe hannun mutumin nan.

Ya latsa wurin da yatsa don ya ga inda zai huda, sai muka ji ƙaras, kamar ɓawon ƙwai. Ya janye hannu.

"Ɗiyata, wanga ba ƙurji ba na, ƙashi na. Ba ni sa mishi wuta."

Ni da maigidana muka fita Tambuwal, muka hau babbar mota zuwa asibiti a Sakkwato. Likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙashin, in ya ga ciwon daji ne za a yanke muƙamuƙin. Tsoro ya kama ni sosai.

Da ya ɗaga hoton a hasken taga, sai na ga kaina ba nama. Ga wani baƙin rami zagayayye, gefensa fari sumul, a ciki kuma haƙori kwance abinsa kamar jariri a goye. Na shagala da kallo har na manta fuskata ce. Likita ya ce wannan sumul ɗin shi ne albishir: jakar ruwa ce ta kewaye haƙorin da bai fito ba, ta sa ƙashin ya yi siriri, amma ba daji ba ce.

Ranar da za a yi mini aiki, suka sa mini maganin barci. Na gan ni a fadamar Kebbe da hantsi, shanu suna shan ruwa, wani da ban ga fuskarsa ba yana tallabe da haɓata. Ina farkawa na kai hannu. Muƙamuƙina yana nan! Ta cikin baki suka kwashe abin, ƙashin kuma ya cike da kansa.

Na gode wa Ubangiji da ya tsayar da ƙarfen nan, ya hana wuƙar likita yanke muƙamuƙina. Kai da ke ɓoye naka ciwon, ka dogara gare shi, ka je a duba ka. Yanzu ku tashi, ni zan ba da waƙar.