Mai Kujerar Gaba a Cocin Jabez

A tashar jirgin ƙasa ta garin Todmorden a Ingila, wani mai doguwar hula ya yi tsaki kusa da wata tsohuwar masaƙiya.

"Wai Jabez Horsfall, ɗan tawayen da ya tunzura masaƙa suka shiga yajin aiki, shi ne fasto!"

"Shi fa, ranka ya daɗe. Da, in ya tara jama'a sai 'yan sanda. Yanzu ƙararrawa ake kaɗa masa."

"Kurkuku ne ya gyara shi."

"Ina! Maganarsa ta haƙƙin talaka tana nan daram. Alƙalin da ya ɗaure shi ma a kujerar gaba yake saurare."

"Matata ce ke tilasta mini!"

Tsohuwa ta tuntsire da dariya. "Au, kai ne? Ƙeyarka kawai na sani. To ran Lahadi ka ɗaga murya, mu na baya ba ma jin amin ɗinka."