Kunyar da Ta Kusa Halaka Mini Iyali

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Ni malamin makaranta ne daga Ƙofar Durbi.

Da farar hula suka karɓi mulki aka ƙara mana albashi, sai na sayi ƙaramar bas don ziyarar 'yan uwa. Mai motar wani Alhaji ne, masallacinmu ɗaya. Da na ce zan kawo makanikena, sai ya ɓata rai: "Haba Malam, ni zan cuce ka? Ga nawa nan." Kunya ta kama ni. Makanikinsa ya tada inji, ya ce garau take.

Ranar Asabar na ɗebi matata da yara huɗu muka nufi Batagarawa. Ga tirela tsaye a gabanmu, na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa. Yara na ihu, uwarsu na salati. Na murza sitiyari muka faɗa gonar gero. Allah ne ya tsare.

Da makanikena ya leƙa ƙarƙashi, sai ga tiyon man birki a fashe, an ɗaure shi da roba.

Jama'a, kowa ya kai nasa makanikin, ban da kunya. Ni kuma ku ba ni shawara: gobe da asuba kafaɗata da ta Alhaji za su haɗu a sahu. Me zan ce masa?