Fitilar Leƙa Kunne

A barandar wani asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Gaya, shekarar da naira ta fito, na ji wani magidanci riƙe da ɗansa yana tambayar wani dattijo mai auduga a kunne.

"Baba, da gaske malamin asibitin nan fitila yake cusa wa yara a kunne? Kar fa ya ƙona mini yaro."

"Haka na ce jiya, da na kawo jikata Hajo daga Toranke. Na ce sai dai ya fara gwadawa a kaina."

"Ya yarda?"

"Ya leƙa, ya yi salati. Wai nawa kunnen ya fi nata toshewa."

"Ita fa?"

"Mugunya ce fal. Wata guda uwarta tana roƙo a kawo ta, ni sarkin sani na hana. Na ce tunda na fara ɗiga mata man shanu kukanta ya ragu."

"Ashe bai ragu ba?"

"Ina fa, ɗan nan! Har maƙwabta suna jin ta. Duk gidan, ni kaɗai na samu sauƙi."