Abin da Na Gani ta Tagar Elemantare

Assalamu alaikum mai karanta wasiƙu, Allah shi ƙara lafiya. Ni ne Maidamma daga Wurno. Ban san boko ba, maƙwabcina ya rubuta mani.

Shekarar da gulbi ya ci gonakin albasa anka buɗe elemantare garinmu, na rantse ba ni taka ƙofarta. Har yau ban taka ba. Amma sunayen kakanninmu duk a kaina suke, kuma in na fara faɗi sai jikokina su kama hamma. In na mutu haka, tare za a binne mu.

Shi ya sa na kai tabarmata gindin tagar aji. Malamin, wani saurayi mutumin Rabah, ba ya zuba magana kamar ni. Tambaya yake yi, yara na ɗaga hannu, har su ma su tambaye shi. Mu kuwa an hore mu yaro ba ya tambayar babba.

Ina jingine barci ya ɗauke ni. Sai ga kakana bisa benci da rawaninsa, ya ɗaga hannu yana jiran a kira shi, gulbi na ratsa aji ba wanda ya jiƙe.

Malam ya tashe ni: "Baba, mi kake nema? Shigo mana."

Na ce, "Ba ni shiga. Sana'arka nika sata, don jikokina ba su saurare na."

Ya yi dariya. "To, ka bari su katse ka da tambaya."

Masu sauraro, wannan ba rashin kunya ba ne? Ku ba ni shawara. Gobe da safe dai zan zaunar da jikata Hajo, in tambaye ta wa ya haƙa rijiyar gidanmu, in yi shiru har ta buɗe baki.