Baƙaƙen 'Yan Tsakin Barira

A tashar Kura, ana jiran a-kori-kurar Bunkure ta gama lodin tumatir, wani dattijo ya leƙa kwandon da Barira ta rungume.

"Baiwar Allah, 'yan tsaki ne? Allah ya raya."

"Amin, Malam, amma baƙaƙen nan uku ba nawa ba ne. Kazata fara, zakarana fari ƙal. Maƙwabciyata Turai na bar wa gida da na je suna, ta sauya min ƙwai. Wurin yayana za ni, ya kai mu gaban alƙali."

"Uban kazar wane iri ne?"

Barira ta ce, "Baƙin zakaran innata ne."

"Zakaran naki fa?"

"A kasuwa na saye shi."

"To, shekarata ashirin ina kiwon kaji a Kadawa. Irin wannan farin yana danne baƙi ne kawai, ba ya kashe shi. Idan kaza da zakara duk sun gaji baƙin a jini, kusan ɗaya cikin huɗu da launin kakanni zai fito. Nawa ta ƙyanƙyashe?"

"Goma sha biyu." Sai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Matar da ta yi jinyata damina guda, yau sati biyu na ƙaurace mata. Malam, Allah ya saka maka da alheri, ka raba ni da rantsuwar ƙarya. Direba, ka ba wa wani wurina, na fasa! Amma da wane ido zan kalli Turai?"

Dattijon ya yi murmushi. "Ki fara da sallama, sauran zai zo."