Wa Ya Yanke Makwararar Dawuda?

Wa ya ce wuta tana mutuwa don an kashe inji?

Hakimi, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta. Dagatan Sukuntuni da Yashe, Inna Hawwa'u da ta haifi Dawuda, Rahamatu mai takaba, jama'a, salamu alaikum. Ni ne Sada, wanda marigayi ke ce ma ƙane. An ce in yi magana a hankali, zan gwada.

Dawuda mai majigi ya kasance namu. Shi ya kawo mamu hoton rigakafi da na noman auduga, daga Kankiya har Kusada. Ya kasance in tsofaffi sun ruga don jirgin ƙasa ya taso a jikin zane, sai ya ce, "Baba, dawo, bai da tikitin Yashe!"

Ya kasance mai bayani. Cikin akwatin sauti akwai kwandansa, shi tulu yake ce mata, don tana ɗibar wuta ta riƙe ko an kashe inji. Gefenta akwai ɗan guntun abu kamar karan sigari, ya ce makwarara. Ta nan wutar tulun ke tsiyayewa sannu sannu, ta zama zafi, har ta ƙare. Ya taɓa ɗora yatsana a kai. Na ce da ɗumi. Ya ce, "Ɗumin nan shi ne ranka, ƙane. Wutar da ba ta ƙare a nan ba, a jikin mutum za ta ƙare."

An kai akwatin gyara. Wani ya ji ɗumi, ya ce abin da ke zafi ciwo gare shi, ya datse, bai gaya ma kowa ba. Dawuda ya kashe inji, ya jira kamar kullum, ya sa hannu cikin akwatin, wutar tulun ta kashe shi.

Yanzu a kasuwa ana cewa sakaci ya yi, wasu na cewa aljanun majigi. Inna, ɗanki bai yi sakaci ba. Rahamatu, kar ki sunkuyar da kai. Ajali gaskiya ne, mun yarda, amma ajali bai riƙe almakashi.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Dawuda, ya sanyaya makwancinsa, ya ba mu haƙuri.

Saura ɗaya. Ran kasuwar Kaikai, akwatin nan za a miƙa ma Mamuda, sabon mai majigi, a yadda yake, ba makwarara. Ga shi can zaune. Wanda ya yanke makwararar, ko wanda ya sa a yanke, ya tashi nan gaban Hakimi ya faɗa. Muna jira.